A daina dukan yara kan kashin wando, a gyara musu banɗaki

Assalamu alaikum Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu, inaso in taɓo wata magana da ake jin kunyar ɗagowa a bainar jama'a, wai ai zancen kashi da fitsarin yara ne, sai a bar shi a tsakar gida tsakanin mata. To ni dai a wurina abin ya wuce tsakar gida tunda har asibiti ya kai ni da ɗana, kuma nasan ba ni kaɗai bace a garin nan na Jos.

Yarana uku. Manyan biyu ban sha wata wahala da su ba saboda lokacin mahaifiyata tana kusa, Allah ya jiƙanta, ita ce take ɗora su a ƙafa tun suna 'yan watanni, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta miƙe ƙafafu ta zaunar da jariri a tsakani tana yi masa "sssss" har ya saba, ni dai kawai na ga sun tashi suna neman fo da kansu. Autan ne ya zo bayan rasuwarta, ga shi na fara zaman shago, sai famfas ya zama shi ne mai rainon, safe famfas dare famfas, yaro bai taɓa jin jiƙa a jikinsa ba balle ya san daga ina abin yake fitowa. Yana da shekara 3 da wata 2 muka je yi masa rajista a wata nazire a unguwarmu, hedimistires ta ce mana ƙiri-ƙiri ba sa karɓar yaro mai famfas, kafin a koma makaranta a watan Satumba in tabbatar ya iya. Sati 3 ya rage lokacin. Ga famfas ɗin ma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya zama abin da ya zama, maigidana kullum cikin ƙorafi yake, sai na ga ai dama ce ta samu.

Na je kasuwar Taminus na sayo fo mai ruwan ɗorawa, na dawo na cire masa famfas rana ɗaya, nace daga yau an gama. Wallahi Edita abin da na yi wa yaron nan a wannan sati ukun har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. In ya yi a wando in ɗauki silifas, in ya ƙi zama a fo in danne shi yana kuka yana miƙewa, har nakan bar shi a zaune kusan rabin awa ina tsaye a kansa da tsawa. Maƙwabta kuwa kowa cewa take ƙara masa, sangarta ce, auta ne shi yasa. Fitsarin dai ya fara kamawa, amma kashi ƙememe ya ƙi, sai ya je bayan ƙofa ko bayan labule ya tsaya ya yi abinsa a wando.

A haka ya shiga makaranta. Sati na biyu ya dawo da wando a leda, yayarsa da take firamare a nan ta ce min anti ta tsayar da shi gaban aji ta ce yara su yi masa ihu, sannan ta zane shi da rula. Tun daga ranar yaro ya daina kashi, ba a wando ba ba a fo ba. Ni kuma a rashin sani har murna na yi, na ɗauka ya yi hankali. Kwana 4, kwana 5 ba ya yi, sai ka ga ya tsaya ya harɗe ƙafafu ya matse jiki yana ɗage, fuska ta yi ja, ni ina zaton yunƙuri yake ashe riƙewa yake. Ranar da zai fita kuwa sai kuka kamar ana yanka shi, abu ya fito da tauri kamar dutse, wata rana har da ɗigon jini. Daga baya sai na fara ganin ɗan ruwa-ruwa a wandonsa kullum, ina tambayarsa ya ce shi bai yi ba, in ce ƙarya ma ka fara, in ƙara masa wani dukan. Abinci ya rage ci, cikinsa ya yi tauri, yaron da bakinsa baya shiru ya koma zama a lungu.

Ƙanwar maigidana ce, ma'aikaciyar jinya, ta zo gaishe mu ta taɓa cikinsa tace Anti gobe-goben nan ku kai shi asibiti. Likitar da muka samu mace ce, ta zaunar da ni ta zana min a takarda, kuma bayaninta ne dalilin rubuta wannan wasiƙa. Ta ce yaro in ya ji zafi ko tsoro wajen kashi sai ya fara riƙewa, shi kuma kashin in ya daɗe a hanji jiki yana ta tsotse ruwan da ke cikinsa sai ya ƙara tauri ya ƙara girma, fitarsa ta ƙara zafi, yaro ya ƙara jin tsoro ya ƙara riƙewa, haka abin zai yi ta zagaye. In aka daɗe a haka ƙarshen hanjin sai ya buɗe ya saki, yaro ya daina jin alamar kashi ya zo, shi kuma sabon kashi mai ruwa da ke sama sai ya dinga zagayowa ta gefen mai taurin yana zubowa a wando ba tare da yaron ya sani ba. Wato duk lokacin da ɗana yake ce min Mama ban yi ba, gaskiyarsa yake faɗa. A gaban likitar na fashe da kuka.

Ta rubuta mana maganin da ke tausasa bayan gida, ta ce ba na kwana biyu bane, watanni za mu yi ana ba shi har hanjin ya koma daidai, kuma kar in kuskura in tsaya da kaina don na ga ya fara yi. Ta kuma ja min kunne kan sabulun da wasu ke tura wa yara ta ƙasa da jiƙe-jiƙen da ake ɗura musu, da zuwa kemis a ce a ba ni maganin wankin ciki. Sai ta ce in ajiye silifas, in ma da hali in mayar masa da famfas na ɗan lokaci mu sake sabon lale. Wannan ta ƙarshen ta yi min nauyi saboda gorin mutane, amma na yi.

Abin da ya yi mana aiki ba wani abin kuɗi bane. Bayan ya karya da safe da kuma bayan abincin dare, da kamar minti 20 zuwa 30, sai in zaunar da shi a fo, domin lokacin ne hanji yake motsi da kansa in abinci ya shiga ciki. Minti 5 kawai, ya yi ko bai yi ba ya tashi, babu faɗa babu ɓata rai. Ina zama kusa da shi a tabarma muna hira ko in ba shi tatsuniya, wani lokaci in ce ya hura balan-balan don cikin ya saki. In ya zauna kawai ma sai in yaba masa, ranar da ya yi kuwa har Babansa ake kira a waya a faɗa masa. In ya ɓata wando in ce ba komai, zo mu wanke, gobe a fo za mu yi. Na rage masa biskit da Indomie da yawan madara, na koma gwaten acca da ganye, wake, gwanda, lemu, kankana, da ruwa a kai a kai. Mu da Allah ya ba kasuwar kayan lambu ta Farin Gada, kabeji da karas da alayyahu a ƙofar gida, bai kamata a ce yaranmu suna fama da taurin bayan gida ba. Sai da muka yi kusan wata 4 kafin wata rana da kansa ya jawo fo daga ƙarƙashin gado ya zauna ba wanda ya ce masa.

Kuma sai daga baya na gane tun farko ban duba ko yaron ya shirya ba, kalandar makaranta na duba. Yawancin yara tsakanin shekara 1 da rabi zuwa shekara 3 suke nuna alama, wani ya riga wani, ko 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama daidai. Alamun kuma a fili suke ga uwar da ta sa ido: yaro ya yi kamar awa 2 famfas ɗinsa a bushe, ya tashi daga barcin rana bai jiƙe ba, ya fara nuna ƙyama in ya ɓaci yana jan famfas ɗin, ya iya sauke wandonsa da kansa, ya fara cewa tutu ko ya je ya ɓuya in zai yi. Wannan ɓuyan bayan labulen da nake dukan ɗana a kai, ashe alama ce mai kyau, yana nuna ya san abin na zuwa. Da na lallaɓa shi a lokacin da tuni an wuce wurin. Sannan ba a farawa lokacin da gida ya rikice, an yi sabuwar haihuwa ko an tashi daga gida ko yaro bai da lafiya ko an yaye shi jiya-jiya, abu biyu ba sa haɗuwa a kan ƙaramin yaro.

Mu a Jos akwai ƙarin wani abu da mutanen Kano ko Sakkwato ba lallai su gane ba, wato sanyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yaro zai tafi makaranta da wando biyu, safa, suwaita, wata rigar sanyin a sama mai zif, wani ma har da bel. Sanyi kuma yana sa yawan fitsari, babba ma ya sani. To yaro ɗan shekara 3 da fitsari ya matse shi yaushe zai kwance duk wannan lodin? Kafin ya gama kokawa da zif ya zubo, a ce ya yi ganganci. Ni yanzu wando mai roba kawai nake sa masa, wanda ja ɗaya zai sauka. Ga ruwan tsarki da asuba kamar ƙanƙara, yaro in aka watsa masa sau ɗaya gobe ba zai so ya faɗa ba, sai na koma ajiye ruwan ɗumi a fulas saboda shi. In da zan ba wata shawara, ta fara koyarwar a lokacin zafi, wajen Maris da Afrilu, yaro yana yawo a tsakar gida da ɗan kamfai ko ba komai, wanki ma yana bushewa da wuri.

Yanzu bari in zo kan makarantu, don nan ne ya fi ci min rai. Da ɗana ya samu sauƙi na je na ce a nuna min banɗakin da 'yan nazire suke shiga. Edita, masai ne na rami irin na manya, bakinsa da faɗi har ƙafar yaro zata iya zurmawa, ba taga ba fitila, ƙofar langa-langa, ƙasa duk a jiƙe, buta ɗaya ce ita ma ba ruwa, sabulu kuwa ba a maganarsa. Ni babba da na leƙa sai da na ja da baya. Wannan ne wurin da ake so yaro ɗan shekara 3 ya shiga shi kaɗai, in ya ji tsoro ya yi a wando a tara masa yara. Kuma ba wannan makarantar kaɗai ba, na tambayi ƙawayena a Rikkos da Unguwar Rogo da Gangare da Bukur, labarin kusan ɗaya ne, an mayar da gidan haya makaranta, an yi wa get fenti da hotunan zomo da ABC, kuɗin makaranta kowane zango sai ya ƙaru, amma bayan gida ba wanda ya waiwaya. Wasu antocin ma in yaro ya ɗaga hannu sai su ce ya bari sai an fita tara. Ɗan nazire ba ya iya jiran tara, in ya ce yana ji to ya riga ya kai bakin ƙofa.

Ban ce duk laifin antoci bane, nasan akwai wadda aka tara mata yara 40 ita kaɗai ba mai taimaka mata, albashin kuma bai taka kara ya karya ba, in yaro ɗaya ya ɓata ita ce mai wanki ita ce mai koyarwa. Amma masu makarantar fa? Fo guda 5 ko 6 nawa ne? Durom ɗin ruwa da sabulu da nani ɗaya mai kai yara tana dawo da su nawa ne a cikin kuɗin da muke biya? Ina roƙon ma'aikatar ilimi ta jihar Filato, masu zagayen duba makarantu in sun je kar su tsaya a ofishin hedimasta su sha lemo su sa hannu, su zagaya baya su ga inda yaranmu suke tsugunawa. Iyaye kuma kafin ku biya kuɗin fom ku ce a nuna muku banɗaki, haƙƙinku ne, kuma ku tambaya ƙarara me ake yi wa yaro in ya ɓata wando.

Mu da muke cewa mu Musulmi ne ma ina muka samo wannan zafin? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Ummu Ƙais ta kawo wa Manzon Allah (SAW) ɗanta ƙarami, ya zaunar da shi a cinyarsa yaron ya yi masa fitsari a tufa, abin da ya yi shi ne ya nemi ruwa ya yayyafa a wurin. Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a cikin masallaci, babba ne fa ba yaro ba, sahabbai suka taso masa ya ce su ƙyale shi ya gama, aka kawo bokitin ruwa aka zuba, sannan ya kira shi ya yi masa bayani a hankali. Sallah ma sai yaro ya kai shekara 7 aka ce a umarce shi da ita. Tsarki wajibi ne mu koya musu, hannun hagu, shiga da ƙafar hagu, addu'a, amma ba da bulala a shekara 3 ba.

Sai fitsarin kwance, shi ma in ɗan taɓa shi don ana haɗa su alhali ba ɗaya bane. Na rana koyo ne, na dare kuwa girman jiki ne, sai mafitsara ta isa riƙewa kuma jiki ya fara rage yin fitsari da daddare, sannan ƙwaƙwalwa ta iya tada yaro daga barci. Likitoci ba sa ma ɗaukarsa matsala kafin shekara 5, kuma a cikin yara 100 'yan shekara 5 kusan 15 suna yi. Yana bin gado sosai, sau da yawa uban da yake zare bel shi ma ya yi a nasa lokacin. Muna yara na ga an ɗora wa wata yarinya tabarmarta a ka yara na binta suna amalala har ƙarshen layi, yarinyar nan ta daɗe ba ta shiga cikinmu wasa. Wanda yake barci me ya sani? A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, a rage shayi da lemon kwalba da yamma, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a ajiye masa fo da tocila kusa da gado don ba yaron da zai fita tsakar gida ƙarfe 2 na dare cikin sanyin Disamba. Yara masu sikila sun fi yi saboda ƙodarsu tana sakin fitsari da yawa, su kam kar a hana su ruwa ko kaɗan. In kuma yaro ya daina ya yi wata 6 sannan ya dawo yi, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko yana yawan shan ruwa yana ramewa, wannan asibiti za a kai shi a duba ciwon mafitsara ko suga.

Akwai kuma inda mu mata muke da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Yaro ya gama a fo sai a leƙa waje a juye a kwata, ko a ƙulle famfas a baƙar leda a wurga bola ko rafin Dilimi, wai ai kashin yaro ba komai. Kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba, ƙuda ya hau ya dawo kan abinci, kaji su tona, damina ta zo ruwa ya kwashe ya kai rijiyoyin da muke sha, sai a wayi gari ana amai da gudawa a unguwa. A masai ake juye fo, a wanke shi da omo ko sabulu, uwa ta wanke hannunta da sabulu ta wanke na yaron, 'ya mace kuma a yi mata tsarki daga gaba zuwa baya saboda ciwon mafitsara. Na san ruwa yana wahala, mu ma daga 'yan garuwa muke saye in famfo ya ɗauke, amma kuɗin jarka ɗaya bai kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba. Tun watan Nuwamban 2019 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin hana bahaya a fili da burin a gama a 2025, lokacin ana maganar sama da mutum miliyan 40 ne suke yi a Najeriya. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da abin a 2022, mu Filato muna cikin jihohin da abin ya fi yawa. Duk ranar 19 ga Nuwamba a yi taron ranar banɗaki ta duniya a raba riguna da huluna. Ni a ganina yaron da aka tsorata da masai tun yana nazire shi ne zai girma ya fi son bayan katanga.

Iyaye maza ku ma dan Allah ku shigo ciki, ba sayen famfas da ƙorafi kaɗai ba. Ɗa namiji ya fi saurin koyo in Babansa ko yayansa ne ya riƙe masa hannu ya kai shi, ya nuna masa yadda ake tsugunawa da riƙe buta. Maigidana da farko cewa yake wannan aikin mata ne, da ya ga takardar asibiti shi ya koma mai zaman dare da yaron a bakin fo.

Edita ina roƙon ka nemo mana likitan yara ya yi mana bayani da Hausa a shafin lafiya, kuma in da hali ka tura wakilinku na Jos ya zagaya makarantun nazire da kyamara ya leƙa bayan gidansu. Ɗana yanzu yana shekara 4 da rabi, na canza masa makaranta zuwa wadda na ga fo a jere da idona, maganin ma an tsayar tun bara. Amma har yau in muka je unguwa ya ga masai mai rami sai ya riƙe min zani ya ce Mama mu koma gida, shi yasa duk inda za mu nake tafiya da fo ɗinsa a cikin jakar bako.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wata uwa, Rikkos, Jos.